Zubi na Biyu a Zafin Mabera

Tsufa ya share mini abubuwa da yawa daga kai, kuma ban yi baƙin cikin rabuwa da galibinsu ba. Amma abin da ya faru wata ranar Talata a tsakiyar bazara, da misalin ƙarfe biyu da rabi, bayan mun idar da sallar Azahar, ba zan manta da shi ba har in koma ga Mahaliccina. Mu uku ne a ɗakin aikina da ke bayan gidana a Mabera: ni, da 'yata, da taubashina, wani tsohon ɗan kasuwar hatsi wanda tun muna yara bai taɓa rasa abin da zai tsokane ni da shi ba.

Wajibi ne in fara da bayyana irin mutumin da nake, domin in ba haka ba mai karatu zai ɗauke ni mugun uba. Mahaifina ma'aikacin gidan waya ne, aiki ya kai shi wajen Jos ina ƙarami. Da asuba ina karatun Alƙur'ani a gaban malamin da ya ɗauka mana, da hantsi kuma ina makarantar mishan a gaban wata Baturiya wadda ba ta san sassauci ba. Dokarta ita ce: shafin da tawada ta ɗiga a kansa ba a miƙa shi. A yage shi, a sake daga farko, ko da layi ɗaya ya rage a gama. Aikin da bai kammala ba kuwa, ba a nuna wa kowa shi. Da wannan tarbiyya na yi aikin wayar tarho, da ita na koyar da ilimin lantarki a makarantar fasaha har na yi ritaya. Ɗalibaina ba su so ni ba a lokacin. Yau idan suka gan ni a wurin ɗaurin aure su ne ke rige-rigen ɗaukar mini takalmi, kuma ban ga dalilin da zai sa in nemi afuwar kowa a cikinsu ba.

'Yata sunan mahaifiyata ta ci, don haka Inna nake kiranta. Tun da mahaifiyarta ta rasu, 'yan'uwanta maza kuma aiki ya watsa su garuruwa, ita kaɗai ta rage mini a Sakkwato. Tana zaune a Minanata da mijinta da 'ya'yanta, kuma da wuya rana ta faɗi ba ta leƙo ni ba. Ilimin kwamfuta ta karanta. A wancan lokacin tana koyarwa na wucin gadi a jami'a, wa'adin aikin kuma ya kusa cika.

Akwai wata babbar manhaja da ke tafiyar da kwamfutoci da na'urori masu yawa a duniya, wadda ba mallakar kowa ba ce. Kowa na iya karanta yadda aka rubuta ta, wanda ya iya kuma yana iya ƙara nasa. Zuciyarta, wadda suke kira kanel, ita ce ke magana kai tsaye da firosesa, wato ɗan guntun nan baƙi mai girman farcen babban yatsa da ke matsayin ƙwaƙwalwar na'ura. Kowane irin firosesa sai an koya wa kanel yadda zai bi da shi. Wannan aikin Inna ta ɗauka a kan wani firosesa mai araha, wanda ake sa wa a na'urorin sarrafa wutar sola da ƙananan kwamfutoci. Ta daɗe tana yinsa, tsakanin aji da girki da renon yara, ba tare da wani ya sa ta ba.

Wani kamfani na ƙasar waje da ke ƙera irin waɗannan na'urori ya lura da aikin nata. Suka ce idan aka karɓe shi a cikin kanel a zagayen karɓar aiki da ake ciki, za su ɗauke ta ta ci gaba da kula da shi daga gidanta. Idan kuwa bai shiga ba, to akwai wani aiki da aka yi mata tayi a Legas, wanda mijinta ya riga ya amince zai nemi canjin wurin aiki dominsa. Ƙofar karɓar sabon aiki a wurin mutanen kanel ba ta daɗewa a buɗe, kuma a ƙarshen wannan makon za a rufe ta. Abin da ke gabanmu ke nan: ko aikin ya shiga Inna ta zauna, ko ya tsaya ta tafi.

Abin da ya jawo ni cikin maganar shi ne takardar bayani. Ba a karɓar sabon firosesa sai da rubutaccen bayani a kansa: sunansa, wane zubi ne daga masana'anta, me ke aiki a jikinsa, yaya ake tayar da shi. Masu ƙera na'urori wannan takarda suke karantawa kafin su yanke shawarar abin da za su saya. Inna ta rubuta tata, mai kula da sashen, wani mutum a wata ƙasa mai sanyi da ba ta taɓa gani ba, ya mayar mata ya ce ba ta fito sarai ba. Sai ta kawo mini.

"Baba, Turancinka ya fi nawa tsari," in ji ta. "Ka gyara mini."

Na ce ba na gyara rubutun wani, sai dai in sake shi. Kuma da sharaɗi: ba zan rubuta cewa abu yana aiki ba sai na ga yana aiki da idona. Ta yi dariya ta ce hakan ma ya fi, domin a al'adar mutanen kanel akwai layin da ake ƙarawa a ƙasan aiki, mai ɗauke da sunan wanda ya gwada, kamar shaida a gaban alƙali. Wannan al'ada ta burge ni. A zamanin da kowa ke sa hannu a kan abin da bai karanta ba, ban zaci akwai sauran mutanen da ke neman shaidar ido ba.

Firosesan zubi biyu ne. A ido ba ka bambanta su, sai da wani ɗan harafi a ƙarshen lambar da ke bayansu. Inna ta kawo mini na farko a kan wani ɗan faranti kore mai faɗin tafin hannu, wanda masu gyara ke kira bod, ta koya mini umarnin da zan riƙa bugawa. Ƙarfen ba baƙona ba ne, manhajar ce baƙuwa, amma wanda ya iya bin ƙa'ida ba ya ɓata a ko'ina. Na bi duk abin da takardar za ta ambata ɗaya bayan ɗaya, kuma zubin farko bai ba ni kunya ba. Bod mai zubi na biyu ne ya makara a hanya, bai iso ba sai yammacin Litinin. Inna ta ce kada in wahalar da kaina: ita ta gwada irinsa na aro a ɗakin gwajin jami'a, wasu mutum biyu a Turai su ma sun gwada, duk lafiya. Na ce su da idonsu suka gani, ba da nawa ba.

Ranar Talatar nan an ɗauke wuta tun hantsi. Ɗakin aikina rufin kwano ne ba silin, fankar sama tana tsaye, kwanon yana ƙara kamar ana taka shi. Batirin sola ne ke riƙe da bod ɗin da kwamfutar Inna. Taubashina yana zaune a kan tabarma a bakin ƙofa da kwanon furarsa, yana fifita da hularsa.

"Ɗan mishan," ya ce, "wai mi kaka yi wa wanga ɗan ƙarhe tun ɗazu? Jinya ta?"

"Gwaji na, Kawu," in ji Inna. "In Baba ya gama sai mu aika."

"In ubanki na zai gama, ki ɗauko tabarma. Wanga ko goro anka ba shi sai ya auna shi."

Na ba wa firosesan aiki mai nauyi, irin wanda ke sa duk sassansa motsi a lokaci guda, na zauna ina kallon rubutu yana gudu a fuskar kwamfuta. Ya yi ta gudu har na fara tunanin yadda zan tsara jimlar ƙarshe. Sai rubutun ya tsaya cak. 'Yar fitilar bod ɗin ta mutu, ta dawo, na'urar ta fara tashi daga farko kamar ba a taɓa kunna ta ba.

"Batiri ne," Inna ta faɗa da sauri.

Na ɗauko mita na auna. Wutar tana nan daidai, ba ta ragu ba. Na nuna mata, na sake ba shi aikin. Wannan karon bai ma kai inda ya kai da farko ba ya mutu. Na kai bayan yatsana kan firosesan, kamar yadda muke yi tun zamanin rediyo mai kwalba, na janye ba shiri. Ya ƙona ni. Amma lambar da manhajar ke nunawa ta zafin jikinsa kuwa, lamba ce ta abin da ke cikin inuwa yana hutawa.

Na cire shi na ɗora bod mai zubin farko a daidai wurin, na ba shi aiki iri ɗaya. Da ya ɗau zafi sai ya rage gudu da kansa, kamar yadda aka tsara masa, ya ci gaba da tafiya a hankali bai mutu ba. Gaskiya ita ce Inna ta riga ni gane abin da ke faruwa. Na ga ta ɗora hannu a ka.

"Masana'anta sun canza ma'aunin zafin," ta ce da ƙaramar murya. "Ba da lissafin zubin farko ake karanta na biyu ba. Manhajar tana zaton da sauran sanyi, ba ta ce masa ya rage gudu, har ya kai inda yake kashe kansa."

Ɗakin gwajin jami'a na'urar sanyaya ɗaki ke aiki a cikinsa. Mutanen Turai kuwa, ko da sun so, ba su da ranar da za ta kai shi wannan matsayi. Babu wanda ya yi sakaci a cikinsu. Ba a dai taɓa kunna abin nan a ƙarƙashin kwano a Sakkwato da tsakar rana ba.

Taubashina ya ajiye ludayi. "Ashe abin Turawa ma ya san ranar garin ga. Ku kai shi ƙarƙashin dogonyaro ku ba shi ruwan randa, kamar yadda munka yi maka rannan da kas sume a kasuwa."

Babu wanda ya yi dariya. Na tambayi Inna ko za ta iya gyarawa kafin ƙarshen mako. Ta ce a'a. Lissafin sabon ma'aunin yana hannun masana'anta, ba su wallafa shi ba, sai an rubuta musu an jira, kuma ba mutane ne masu saurin amsa ba. Ta kalli bod ɗin, sannan ta juyo gare ni.

"Baba, mutum nawa ne za su kunna shi a ɗaki irin wannan? Ka rubuta yana aiki. Wallahi zan gyara a zagaye na gaba, kafin kowa ya lura."

"Na'urar sola za a sa shi," na ce. "Wa za a sayar wa na'urar sola, Inna? Mutanen ƙasar ƙanƙara? Kowane shago daga nan har Illela ɗaki ne irin wannan. Kowane ɗakin shan magani na ƙauye ɗaki ne irin wannan."

Ta san gaskiya ce.

"Ki janye aikin gaba ɗaya," na ce. "Idan ya kammala sai ki miƙa."

"In na janye, Legas ke nan, Baba."

"Na sani."

A nan ne taubashina ya daina wasa, abin da ban cika gani ba. Ya mayar da hularsa ka, ya gyara zama. "Kai, ɗiya guda ta rage maka cikin garin ga. Kan layi guda na rubutu zaka bari ta tahi? In ta tahi wa zai kawo maka tuwo, Baturiyar taka?"

"Ba zan sa sunana a ƙarƙashin abin da ya mutu a gabana ba," na ce masa. "Kuma ba zan rubuta takardar da ke cewa yana da rai ba."

Har yau ina kan wannan magana, kuma da za a mayar da ni wancan ɗaki da ita zan sake faɗa. Amma kada wani ya ɗauka da sauƙi ta fito. Ina maganar ina ganin zauren gidana babu takalman jikokina. Inna ta tattara kwamfutarta, ta bar mini bod ɗin biyu a kan tebur, ta durƙusa ta yi mini sallama cikakkiya, har da a huta gajiya. Da ta yi fushi ta fita ba sallama da abin ya fi mini sauƙi. Taubashina ya bi bayanta, ya bar kwanon furarsa.

Washegari da safe, bayan ta kai yara makaranta, sai ga ta. Ta gaishe ni, ta ja kujera kusa da tawa, ta buɗe kwamfuta.

"Baba, jiya na nemi ka yi ƙarya. Ka yafe mini. Amma ina so ka karanta wani abu kafin ka sake cewa in janye."

Takardun bayani ne na wasu firosesoci da suka daɗe a cikin kanel, waɗansu na manyan masana'antu da ko ni na san sunansu. Ta riƙa kai ni ƙarshen kowace takarda. A can akwai sashe mai kansa, inda marubutan suka jera aibin aikinsu da hannunsu: wannan ɓangare ba ya aiki tukuna, wancan yana tsayawa idan aka yi kaza, wannan kuma ba mu san dalilinsa ba, wanda ya gano ya sanar da mu. A fili, da sunayensu a ƙasa, inda duk duniya za ta karanta. Na cire tabarau na goge na mayar.

"Mutanen nan ba su da kunya ne?" na tambaye ta.

"Suna da ita, Baba. A wurinsu abin kunya shi ne wani ya gano abin da ka sani ka yi shiru."

Na ce wannan hanya ce ta malalata, ta mutanen da ke son a yaba musu kafin su gama. Ta bar ni na gama faɗana, kamar yadda ta saba tun tana yarinya, sannan ta ce: "In na janye, zubin farko da ka gwada da kanka ya tafi a banza. Wannan ɗaya. Na biyu, babu wanda ya san abin da muka gani jiya sai mu uku. Wata rana wani zai ɗauki aikin nan a ƙasar sanyi, ya gwada, ya ga lafiya, ya rubuta yana aiki da zuciya ɗaya. Na'urorin nan za su zo Illela ɗin da ka ambata. Shirunmu bai hana komai ba."

Na daɗe ban ji an ɗaure ni da hujja haka ba. Na nemi inda zan kama ta, ban samu ba. Sai na tambaye ta kamfanin fa, tun da zubi biyun duka suke amfani da su. Ta ce suna iya cewa rabin aiki ta kawo, su janye tayinsu, kuma ta kwana da sanin haka. Ba dabarar tsira ta zo mini da ita ba. Hanya ce da ke iya ƙarewa a Legas kamar waccan, sai dai babu ƙarya a cikinta, kuma babu ɓoyo.

Na ce ta ba ni zuwa Azahar. Na zauna ni kaɗai a zaure. A duk tsawon aikina ban taɓa miƙa wa wani takardar da ke cewa ga inda na gaza ba, kuma jikina gaba ɗaya yana ƙin abin. Amma da na bi maganar daki-daki sai na ga aikin da aka ba ni ba gyara firosesa ba ne. Aikina in faɗi gaskiyar halin da yake ciki. Takardar da ta faɗi haka ba tare da ta rage komai ba, ta kammala, ko da abin da take bayani a kansa bai kammala ba. Da na kai nan sai na tashi na yi alwala.

"Za mu rubuta," na ce mata bayan salla. "Amma idan za a rubuta aibi, to a rubuta shi yadda ya kamata. Ba zan yarda da ‘ana jin kamar’ ba."

Muka jira rana ta kai inda take jiya. Na ɗauko tsohon ma'aunin zafina na makarantar fasaha na rataye a bango, na manna wani a jikin firosesan, muka jera bod ɗin biyu gefe da gefe. Taubashina ya iso ɗaukar kwanonsa, fuska a murtuke, na miƙa masa agogo na ce ya riƙa faɗa mini lokaci.

"Yau ni ad ɗalibin mishan?" ya ce. "Saura ka ce in sa gajeren wando."

Amma ya riƙe agogon, kuma bai yi kuskure ba. Muka rubuta zafin ɗakin, da nauyin aikin da aka ba na'urar, da abin da manhaja ke nunawa, da abin da ma'auni na gaskiya ke nunawa, da lokacin da ta ɗauka kafin ta mutu. Gumi yana ɗiga daga gemuna har kan tebur. Muka maimaita har na gamsu cewa duk wanda ya bi matakan nan zai ga abin da muka gani.

Sakin layin nan shi ne mafi wuya da na taɓa rubutawa. Inna ta so a sassauta shi kaɗan, a ce matsalar takan faru jefi-jefi. Na ƙi, domin a ɗakina ba jefi-jefi take faruwa ba, kullum take faruwa. Na rubuta cewa zubi na biyu yana tashi yana aiki, amma manhajar tana karanta zafinsa ƙasa da yadda yake, don haka kada a yi amfani da shi a wuri mai zafi har sai an gyara. Layin shaidata na sa shi a ƙarƙashin zubin farko kaɗai. A ƙarƙashin na biyu aka rubuta sunana a matsayin wanda ya ga matsalar. Ranar Alhamis da hantsi Inna ta yi bisimilla ta aika.

Juma'a ta wuce ba labari. Na je masallaci na dawo, ban tambaye ta ba. Ranar Asabar amsar mai kula da sashen ta iso, gajera kamar yadda ya saba. Bai yaba ba, bai kushe ba. Tambaya ɗaya ya yi: wace irin tanda muka sa bod ɗin a ciki, domin yana so ya gwada da kansa. Inna ta karanta mini tana danne dariya. Ta amsa masa cewa babu tanda, ɗakin mahaifinta ne a Sakkwato da rana. Taubashina da ya ji ya ce a gaya wa Baturen ya zo ya yi azumi ɗaya a nan, zai daina tambaya.

Mai kula da sashen ya sa nasa bod ɗin a cikin akwati tare da ƙwan fitila mai zafi, ya bi matakanmu, ya mutu masa kamar yadda muka rubuta. Kafin a rufe ƙofa ya karɓi aikin da takardar, bai taɓa ko kalma ɗaya a sashen aibin ba.

Kamfanin ne ya ja mana rai. Sun yi shiru har Inna ta fara tambayar makarantun yara a Legas, ni kuma na fara koyon dafa shayi da kaina. Da suka kira ta, ashe suna da na'urori masu zubi na biyu da suke shirin turawa ƙasashe masu zafi, takardar ce ta sa suka dakatar. Ba su ji daɗin jinkirin ba, kuma ba su ɓoye mata haka ba. Amma su ne suka matsa wa masana'anta har ta fito da lissafin ma'aunin, suka ce ta gyara, a matsayin ma'aikaciyar da ba a tabbatar ba tukuna.

Abin da na koya ba shi ne in sassauta ba. Ban sassauta ba, kuma ba na ba wa kowa shawarar ya sa sunansa a kan abin da bai gani ba, ko da ɗansa ne ya roƙe shi. Abin da na koya, da furfurata, daga bakin 'yar da na haifa, shi ne ƙin yin ƙarya rabin amana ne kawai. Sauran rabin shi ne ka faɗi abin da ka sani a inda masu bukatarsa za su same shi, ko da a cikinsa akwai gazawarka. Mai yin shiru don kare mutuncin aikinsa kansa yake karewa, ba mutanen da za su yi amfani da aikin ba.

An gyara zubi na biyu a zagayen da ya biyo baya, na gwada shi, na sa sunana. Kamfanin ya tabbatar da Inna a aiki. Ba ta tafi Legas ba.